Saukowar Mola Ndive

"Wannan tsohon ne zai ɗaukar mana kaya?" in ji ɗaya daga cikin baƙi masu hawan dutse.

Wani ɗan dako ya ce, "Shi fa. Ya girmi rabin duwatsun nan."

Shekara talatin Mola Ndive yana dako a dutsen Buea, da takalmin roba. Baƙin bana sun zo hawa ne don tara wa asibitin yara gudummawa. A bukkar hutawa ta biyu a kan dutsen, ruwa da iska suka tare su, sanyi ya kama gwiwar Mola Ndive, ta ƙi miƙewa. Dole aka juyo, abokin dakonsa Lyonga ya goya shi. Kowa kuwa ya sani, ɗan dakon da aka gani a goye ba a sake ba shi kaya.

Da rufin gidaje ya bayyana, ya ce, "Lyonga, don Allah sauke ni nan, in lallaɓa in shiga gari da kaina."