Kebul ɗin Makau da Naman Layya

Makau maƙwabcina ne a Gummi, shekara talatin yana gyaran keken ɗinki, kuma bai yarda da abin da ba zai iya kamawa da filaya ba. Da ɗansa Usama ya zo hutu daga Fatakwal ya kafa akwatin intanet a zaure, ya ce wannan waifai ne, ta iska yake tafiya, Makau ya dubi iskar ya ce, "Ni a ja mini igiya."

Gaskiya yana da hujja. Katangar gidan ta ƙasa ce, mai kauri, waifai na kaiwa bakin rijiya ya gaji. Sai aka ja shuɗin kebul daga zaure, ya ratsa tsakar gida ta sama, ya shiga ɗakinsa inda wata tsohuwar kwamfuta take. Matarsa Atine kuwa da wayar hannunta take zuwa zaure ta sha iska.

Bara matar Usama ta haihu, suna ya faɗo washegarin Babbar Sallah. Aka shirya Makau ne zai raɗa sunan ta bidiyo, ƙarfe bakwai na safe. In bai fito ba, surukin Usama, Alhaji Uba, yana can zaune da nasa sunan a baki. Su biyun dama ba sa barin juna ko a zancen ruwan sama.

Bakwai saura kwata na shiga, na tarar da Makau cikin babbar riga gaban kwamfuta, kwamfuta ko gezau. Muka bi kebul. A tsakar gida muka same shi ya lanƙwaso har kusan ƙasa, an jera masa naman layya tun daga zaure har ƙofar ɗaki, nauyi ya fizge kansa daga akwatin, ɗan haƙorin da ke riƙe shi ya karye.

"Atine, mi kika yi mini haka?"

"Malam, igiyata ta tsinke, wagga ko shekara guda tana rataye ba ta aikin komi."

"Ita ka ɗauko mini jikata daga Fatakwal."

"To ta ɗauki rago tukuna, mu ga ƙarfinta."

Na ce gardama ta jira, Alhaji Uba ba zai jira ba. Atine ta miƙo wayarta tana goge maiƙo. Makau ya tattare riga muka nufi zaure, Atine ta kira Usama, Makau ya karɓi wayar da yatsa biyu, ya manna ta a kunne yadda ya saba. Jama'ar Fatakwal dai kunnensa suka gani ya cika fuskar waya, yana cewa, "Sunanta Sahura. Uba, ka ji ko in ƙara?"

Atine ta janye wayar daga kunnen ta juyo masa da ita. Ga jaririya cikin farin zane, tana hamma. Makau ya zuba mata ido har aka shafa fatiha, sannan ya ce a matso da ita kaɗan.