"Da Sauƙi" a Gaban Masu Tantance Ɗaliban Likita

Edita, ina 'yar shekara sha takwas abin ya faru, a 2018. Mahaifina injiniya ne a wani kamfani a unguwar Port Saeed da ke Dubai, kuma a Dubai na yi sakandare. Sakamakona ya yi kyau har kaina ya ɗan kumbura, ina ganin gurbin karatun likita a tafin hannuna yake. Ganawa da malaman makarantar likitancin da na nema kawai ta rage mini.

Ranar ganawar ni kaɗai ce baƙar fata a cikin masu jira, har matar da ke karɓar baƙi ta tambaye ni ko wa na rako. Na haɗiye, na ba ta sunana. A ciki na tarar da malamai uku, da wani dattijo da aka sa ya fito a matsayin mijin majiyyaciya. Aka ce in ɗauka matarsa tana gargara, shi kuma zai tambaye ni jikinta. Da ya tambaya, sai na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mini a gaban manya, na ce masa da Turanci jikin da sauƙi, a ci gaba da addu'a. Haka na tashi na ji ana faɗa. Ko ranar da kakata ta cika, "da sauƙi" muka yi ta ce wa masu dubiya, kuma ba wanda ya ɗauka ƙarya muke yi.

Babbar cikin malaman ta ajiye biro, ta tambaye ni ko haka mutanenmu suke ɓoye wa marasa lafiya gaskiya a Afirka. Ba ni ta tuhuma ba, mutanenmu ta ce. Raina ya ɓaci, amsa tana bakina, amma kunya ta danne ni na yi gum. Daga baya wata ƙawata Balarabiya ta gaya mini ita ma ta yi ta kewaye-kewaye da inshallah, aka yi murmushi aka ce ta sake. An ɗauke ta, ni ba a ɗauke ni ba. Na ci kuka har na gode Allah, daga ƙarshe na koma karatun haɗa magunguna.

Har yau ban san rabon launin fatata da na bakina a wannan faɗuwa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne shirun, domin kunyar mara kunya asara ce. Da na ɗaga kai na bayyana mata cewa a wurinmu kalmar tausasawa ce ba yaudara ba, kuma a shirye nake in koyi tasu hanyar, ko an ƙi ni da ban fita da nadama ba. Ƙannena masu zuwa irin wannan ganawa, ladabin gida ba ko'ina ake gane shi ba. In aka yi muku tambaya da sunan mutanenku, ku buɗe baki ku amsa. Ni da na yi shiru, zaton malamar nan ne ya tsaya a madadin amsata, kuma duk Bahaushiyar da ta shiga bayana shi za ta tarar yana jiranta.