Masu Dubiyar Baba Mani

Baba Mani na Zakirai manomin dawa ne, amma da zumunci aka fi saninsa. Ko akuyarka ce ta karye, sai ya zo jaje. Ni maƙwabciyarsa ce, dangar kara ce tsakaninmu, komai a idona aka yi.

Idonsa na hagu ya mutu tun yana saurayi, kara ne ya tsone shi. Da na daman ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya. Bara da kaka sai ya ce wani baƙin labule yana sauko masa a ido. 'Yarsa Turai ta kai shi asibiti a Kano. Likita ya ce tantanin da ke can bayan ido, mai ɗaukar gani, shi ne ya ɓamɓaro. Aka yi masa aiki irin na zamani, aka mayar da tantanin, aka sa wata iska a idon ta tokare shi. Aka ce ya kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, har wurin ya kama. In tantanin ya sake ɗagowa, tabo zai iya tattare shi, gani ya tafi.

To, da aka dawo da shi gida, sai gari ya taso dubiya. Mutumin da ya je wa kowa, wa zai ƙi zuwa? Shi kuma ina zai iya amsa sallamar dattijo da ƙeya? Sai ya tashi zaune, ya ɗaga kai, a tambayi iyali, a tambayi girbi.

"Baba, don Allah ka kwanta," in ji Turai.

"Ke, Malam Tahir ne fa, tun daga Bagwai. Da kunya."

Turai ta koma bakin zaure tana ba mutane haƙuri. Aka ce ba ta da tarbiyya. Kowa sai ya ce ai shi gaisawa kawai zai yi ya fito. Kowa! Wallahi har yau abin yana ci mini rai, don babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Kafin a gama sussuka, duhun ya dawo. Aka sake aiki, wannan karon da wani mai aka cika idon. Da muka koma a duba, ni na raka su. Likita ya daɗe yana haskawa, sannan ya ja Turai gefe ya ce tabon ya riga su.

Muna hanyar gida, rana tsaka, motar kamar tanda, Baba Mani ya lalubo hannun 'yarsa.

"Turai, ki ce wa direba ya tsaya mu yi magariba, kar ta wuce mu."