Buhunan Citta Huɗu da Fitilar Motar Baba

Akwai abubuwan da na manta tun dawowata daga hidimar ƙasa, amma makonni ukun da na yi ina kokawa da fitilar motar Babanmu ba za su taɓa fita daga raina ba. Shekara biyar ke nan, kuma har yau in mota ta haske mini ido a hanya, can tunanina ke komawa.

A lokacin ƙanwata, wadda take aure a Manchok, tana da cikin fari wata tara. Likita a Kafanchan ya ce jininta yana hawa, kada a kuskura ta haihu a gida, da zarar naƙuda ta fara a kawo ta, ko ƙarfe nawa ne. Mijinta mashin yake da shi. Baba kuma idonsa ya daina gani sosai in rana ta faɗi. Saboda haka ya miƙa mini makulli ya ce in koma Manchok da kwana, tare da Mama da ta riga ta tare can. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ban musa ba. A daren farko da na gwada hanyar, na ga fitilar motar ja take kamar aci-bal-bal, ba na ganin rami sai na faɗa cikinsa. Na ce a raina, da wannan ba zan ɗauki ƙanwata ba.

Washegari na je wurin mai gyaran wutar mota a bayan kasuwar Kafanchan, wani dattijo Bahaushe wanda kakansa ma a garin aka haife shi. Ya fito da ƙwan fitila iri biyu ya ajiye a kan benci. Ɗaya HID, wanda ke zuwa da ɗan akwatinsa na ƙarfe, ɗaya LED, mai 'yar fanka a bayansa. Na riga na kwana ina karatu a waya, sai na shiga yi masa tambayoyi. Wanne ya fi kai nisa? In ruwa ya shiga akwatin fa? In laka ta toshe fankar fa? Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Ɗan boko, kai ka zo sayen ƙwai ne ko rubuta jarrabawa? Bari in sa maka ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ka je ka yi kwana biyu. Wanda idonka ya zaɓa, ka dawo in cika maka."

Haka aka yi. HID a hagu, LED a dama. Da magariba na bi hanyar ni kaɗai, daga Manchok ta Kagoro zuwa Kafanchan, na dawo. Abin da na gani, a motarmu dai, shi ne HID in an kunna shi yakan fara da shuɗi-shuɗi, sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya cika, amma in ya cika yana kai nisa ƙwarai, har dutsen gefen hanya yakan haska. LED kuwa nan take yake kamawa, fari fes, sai dai bai kai wancan watsuwa ba. Zuciyata ta karkata ga HID. A wurinmu duk wanda ya sayi fitila, abin da ake tambayarsa ɗaya ne: tana kashe ido? In tana kashewa, to mai kyau ce. Ni ma, da duk karatuna, a nan na tsaya.

Ranar Lahadi da yamma aka yi taron zumuntar mata a wata coci da ke ɗan nesa da gari, aka ce in je in ɗauko su Mama. Mama ta shiga, ƙanwarta Anti ta shiga, surukar ƙanwata ta shiga, da wata maƙwabciya, ga kwanduna da kuloli a but. Duhu ya fara. Ban lura cewa bayan motar ya zauna ba. Abin da na lura da shi kawai, ina ta ganin ganyen mangwaro a sama sarai, amma hanyar gabana ta yi duhu-duhu. Kafin in gane dalili, wani mashin da ke tahowa ya yi tangal-tangal ya gangara cikin lambatu.

Na taka birki, na fita da gudu. Wani dattijo ne, da buhun masara a baya. Allah ya taimaka, gwiwa kawai ya kuje. Na ɗaga shi ina ta ba da haƙuri. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni ɗin. Ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "Ɗana, hanya kake haskawa ko idona? Ni ma ina da gida da zan koma."

A daren ban yi barci ba. Na ga cewa na gwada fitilar ne da mota babu kowa, alhali ranar da ake jira ba haka za ta kasance ba. Nauyi in ya danne baya, gaba ya ɗaga, haske ya tashi sama. Da safe na je na samu Mama tana tankaɗe, na ce mata a hankali, wataƙila zai fi kyau ranar haihuwa mutum ɗaya kawai ya raka mu.

Ta ajiye rariya. "Me ka ce? 'Yata za ta haihu, ni ina gida? Ko uwar miji za ka bari? Ko antinka da ta yi renon ta? A ina ka ga an kai mace haihuwa kamar an kai akuya kasuwa?"

Na san ba zan ci wannan ba. Tunda matan ba za su ragu ba, fitilar ce za ta sauka.

Na koma wurin mai gyara na faɗa masa komai. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya shigar da motar cikin rumfa mai duhu, ya kunna wuta, ya ce in je gaba in durƙusa daidai tsayin mai mashin. Ta ɓangaren HID ban iya buɗe ido ba, hasken ko'ina yake fantsama. Ta ɓangaren LED akwai kamar layi, sama duhu, ƙasa haske. Ya ce kwanon fitilar motar Baba tsohon yayi ne, ba a yi shi don HID ba, shi ya sa ba ya iya riƙe hasken. Ban ce HID ba shi da kyau ba, na ji an ce a motar da aka ƙera dominsa yana aiki lafiya. Amma a tamu, na ce a cire shi. Ya sa LED biyu, ya nuna mini notin da ake juyawa haske ya sauka ko ya hau, ya ara mini sukundireba.

Da yamma na kai motar bayan cocin unguwa, na fuskanci bango. Na roƙi mijin ƙanwata buhunan cittarsa huɗu, muka jera uku a kujerar baya, ɗaya a but. Mama ta fito ta tsaya tana kallo.

"Wannan kuma mene ne?"

"Wannan ke ce, Mama. Wannan Anti."

"Ni ce buhu?" Ta zagaya ta taɓa shi. "To ai wannan ya yi mini kaɗan. Ƙara dutse."

Muka ƙara. Na ja layi da alli a bango, ina sa buhu ina cirewa, ina juya noti ina ƙirgawa, har na san juyi nawa kowane buhu yake ci. Maƙwabta suka taru suna dariya, wai digiri ya taɓa ni. Kunya ta kama ni, amma ban tashi ba sai da hasken ya kwanta a ƙasan layin.

Bayan kwana tara, wajen ƙarfe biyu na dare, Mama ta buga mini ƙofa. Ana yayyafi. Ƙanwata a gaba, Mama da Anti da uwar miji a baya, kaya a but, mijin zai biyo mu a mashin. Na tada mota ke nan sai ga maƙwabciyar nan da gudu, da fulas a hannu, ta matsa ta shige. Ba ta cikin lissafina. Na duba katangar gidan, na ga haske ya hau.

Na fita na buɗe gaban mota.

"Kai! Me kake yi? Yarinya na mutuwa kana gyaran mota!" Duk suka ɗauka da ihu. Ƙanwata ce, tana cije leɓe, ta ce, "Ku bar Yaya, ya san abin da yake yi." Na juya kowane noti daidai buhu ɗaya. Ko minti ɗaya ban yi ba.

A gindin dutsen Kagoro hazo ya sauko. Ina tafiya a hankali, haske kwance a kan kwalta, sai na ga reshen ganye a tsakiyar hanya, sannan wani, sannan wani. Kowa a nan ya san ma'anarsa. Na rage gudu na ratse, sai ga tifa ta mutu bayan kwana, ba wuta ko ɗaya a jikinta. Ba zan rantse cewa da ban juya notin ba da mun dake ta ba. Abin da na sani, da hasken yana saman itatuwa, da ban ga ganyen nan ba. Sai Mama ta fara waƙar godiya ƙasa-ƙasa.

Kafin asuba ƙanwata ta sauka lafiya, 'ya mace. Yanzu tana makaranta.

Mutane kan tambaye ni wanne ya fi, LED ko HID, ni kuma nakan ce ya danganta da motarka, sai su ce na cika kwana-kwana. Amma abu ɗaya ba na shakkarsa: fitila ba ƙarfinta ake dubawa ba, inda take kallo ake dubawa. Ka gwada ta da irin nauyin da za ka ɗauka, sannan ka je gabanta ka durƙusa, ka ga abin da mai tahowa yake gani, domin shi ma yana da gidan da zai koma.