Isiyaku Jami'a Ya Je Ganin Manya

A Birnin Gwari in ka ce Isiyaku kawai, sai an tambaye ka wanne. Amma ka ce Isiyaku Jami'a, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka bencinsa a wurin mai shayin tasha. Bai taɓa zama a ajin jami'a ba, sakandaren ma a tsakiya ya yi mata sallama. Sana'a ce ta ba shi sunan, domin shi ke kai wa mutane kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Da an cire amfanin gona, iyaye daga Tsohon Birnin Gwari har Kazage sai su sayar da masara su damƙa masa kuɗin, saboda ba kowa ke son ratsa dajin nan da abu a aljihu ba. Shi kuwa ya cusa su a tsakiyar buhun doya, ya ɗauki galan ɗin zumar daji daga wajen Kamuku, ya bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa. In ya isa jami'ar, layi ba nasa ba ne. Akwai wani kashiya, Oga Gabriel, mai kwaɗayin zuma. Ko an rufe karɓar kuɗi, Isiyaku zai zagaya ta ƙofar baya, a gaisa, a tambayi iyali, a ajiye galan a ƙarƙashin tebur, hatimi ya sauka. Ya dawo gida yana tafiya kamar shi ya gina jami'ar da guminsa.

"Komai na duniyan nan mutum ne," haka yake gaya wa 'yan shayi. "In ka san mutum, ka san hanya."

Sai jami'ar ta sanar cewa daga yanzu ta intanet za a riƙa biya. Ɗalibi ya shiga shafin makaranta a waya, ya ciro lamba, ya biya, shi ke nan. Isiyaku ya yi dariya har ya ƙware da shayi. A garin da sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kafin sabis ya leƙo ka? Ai kuwa mutane suka riƙa hawa tudun. Hawa tudu ya fi musu sauƙi a kan ratsa daji, ya kuma fi sauƙi a kan sauraren labarin Isiyaku. Masu kawo masa saƙo suka janye ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ce hassada ce kawai.

Ana cikin haka 'yarsa Raliya ta sami gurbi a wannan jami'ar, za ta karanta aikin jinya. Yarinya ce da ta sha wuya kafin ta samu, don sai a zama na biyu ta ci jarrabawar. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: ta biya kuɗin karɓar gurbi kafin ranar da aka sa, in ba haka ba a ba wani. Kuɗin kuwa suna nan, uwarta Hajjo ta sayar da akuyoyinta ta miƙa wa maigida.

"Baba, ka ba ni in je wurin mai POS," in ji Raliya. "Ƙawata Rachel ta biya nata tun makon jiya, ga shaidan a wayanta."

"Ita Rachel ɗin ubanta ya san wani a can? Ubanta Obed manomi ne, dole ya bi waya. Ke 'yata ce. In aka ji 'yar Isiyaku Jami'a ta hau tudu neman sabis, da wane ido zan kalli mutane?"

Hajjo ta sa baki: "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya fa."

"Ke da ko Buruku ba ki taɓa wucewa ba, ke za ki koya min jami'a?"

Nan maganar ta mutu. Ya zauna jiran mai zuma, saboda a ganinsa zuwa hannu rabbana rashin mutunci ne. Da zuma ta samu, hanya ta ɓaci, aka tsayar da ayari. Da hanya ta buɗe, wa'adi ya riga ya wuce. Ko a jikinsa. Wa'adi dai? Sau nawa ya ga wa'adi ya wuce, galan ɗaya ya dawo da shi? Ya sa babbar rigarsa, ya biya ta wurin mai shayi don a gan shi, sannan ya shiga mota.

Sabo turken wawa. Da isarsa ya nufi ƙofar baya, ya tarar da kwaɗo. Ya dawo ta gaba, ya ga tagar karɓar kuɗi an toshe ta da katako. Wani maigadi ya ce masa Oga Gabriel ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Isiyaku ya shiga bin ofis-ofis rungume da galan, yana neman wanda zai rusuna wa. A ƙarshe wata ma'aikaciya ta ji tausayin furfurarsa, ta tambayi sunan yarinyar, ta duba kwamfuta ta juyo masa da ita.

"Baba, shafin ya rufe kansa. Gurbin ya riga ya koma kan ta bayanta, har ta biya."

"To wane ne babba a nan? A kai ni wurinsa."

"Ko shugaban jami'a ka gani, abin da zai gaya maka ke nan."

Ya ɗora galan a kan teburinta a hankali. Ta dube shi, ta dubi galan, ta ce don Allah ya sauke kar ya ɗiga mata a kan takardu.

Da mutum mai hankali ne, da ya dawo gida da kai a sunkuye. Isiyaku kuwa wurin mai shayi ya fara sauka, ya shaida wa jama'a cewa manya sun ba shi shawara yarinya ta dakata zuwa baɗi, za a sama mata kwas da ya fi wannan. Wasu suka ce madalla. Wasu suka duƙa kan kofunansu.

Labarin ya riga shi isa gida. Ya tarar da Raliya a tsakar gida gaban akwatinta, tana fito da abin da ta shirya: sabon bokiti, 'yar tukunya, zannuwan gado, da farin takalmin da aka ce ɗaliban jinya ke sawa. Ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo masa ruwa.

"Baba, ka ga mutumin naka?"

"Na ga manya ma, ba shi kaɗai ba."

"To, Allah ya saka musu."

Ta ɗauki farin takalmin ta miƙa wa uwarta. "Inna, a mayar wa mai shago tun bai yi datti ba."