Yadda Na Kushe Koci Kamar Sa A Kwata

Ya Edita, bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni. Ni ne wawan da ya kori kocin da ya fi kowa iya aiki a yankinmu, kuma ina korarsa ina jin kaina gwani. A lokacin ina fawa a kwatar Oko-Oba, na haura hamsin, gemu ya fara fari amma bakina bai samu labarin tsufa ba. Aji uku na yi a garinmu can arewa na biyo motar shanu zuwa Legas, don haka abu biyu na sani a duniya, sa da ƙwallo. Ƙwallon ma a baki na iya ta, ban taɓa buga wasan da aka busa usur ba. Duk da haka ina cikin dattawan kwamitin kulob ɗin unguwarmu a Agege, saboda ni ke kawo naman da ake dafa wa 'yan wasa, kuma babu mai son ɓatawa da mai nama.

A shekarar kulob ɗin ya lalace. Muna can ƙasan teburi a gasar unguwanni, kocinmu ya gaji da zagi ya tattara ya tafi, masu filin da muke atisaye kuma suka ce idan muka faɗi daga gasar za su ba wata ƙungiya filin. Sai ciyaman ɗinmu, wani tela haifaffen Legas, ya kawo maganar wani koci da ya ɗauki kofi sau biyu a jere da wata ƙungiya a Mushin, yaran da a da ko riga iri ɗaya ba su da ita. Ɗan Agege ne, yana ɗingishi saboda tsohon rauni a gwiwa, kuma an ce shi ma yana son dawowa gida. Mako biyu muna auna shi. Wasu suka ce zafin kai ne da shi, ko ɗan waye kai idan ka makara atisaye benci za ka ɗumama. Wasu suka ce rabin maganarsa Yarbanci ce, 'yan dakonmu na kasuwar Mile 12 ba za su gane shi ba. Ni kuwa sau biyu na hau danfo, motar hayar Legas, har Mushin na tsaya bayan raga ina kallon atisayensa, na dawo na san babu kamarsa. Ku riƙe wannan da kyau: duk kwamitin babu wanda ya kai ni son a ɗauke shi.

To ga inda sana'a ta cuce ni. Mu a kwata idan sa ya shiga ranka ba ka yabonsa. Sai ka zagaya shi, ka taɓa tozo, ka ja wutsiya, ka ɓata fuska ka ce wannan ai ƙashi ne da fata. Dillali ya san wasan, ya zage ka ka zage shi, ya ja sa kamar ya yi fushi, ya juyo, a sallama, ku raba goro. Shekara talatin haka nake samun abin da nake so, har na ɗauka haka ake samun komai.

Aka kira shi ranar wata Asabar bayan la'asar, muka zauna a rumfar shagon ciyaman. Ya sauka daga okada ya durƙusa ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ni har da tambayata kasuwa. Abu biyu kawai ya nema, a ba shi shekara cikakkiya, kuma kada wani dattijo ya sa baki a zaɓen waɗanda za su buga. Na duba na ga kowa yana gyaɗa kai, baki har kunne, na ce a raina waɗannan za su saya babu ko tayi, gobe ya hau kanmu. Sai na yi gyaran murya. Na ce kofin Mushin har wani kofi ne, kowa ya san yaran can da gwiwar hannu suke cin wasa, alƙali kuma so yake ya koma gida da haƙoransa, ko akuya aka ɗaure a benci sai sun ɗauka. Ya yi dariya ya ce Baba ai ya gan ni sau biyu a bayan raga, yana fata akuyar ta burge ni. Aka yi dariya, ciyaman ya taka mini ƙafa. Ni kuma dariyar ce ta tunzura ni, don ban saba a mayar mini da magana a gaban mutane in yi shiru ba.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe na fara zagaya shi ba, hannu a baya, kamar yadda nake yi kowace safiya. Na tsaya daidai ƙafar da yake ɗingisawa na ce ni tun da nake ban taɓa sayen sa mai ɗingishi ba, wanda ba zai iya bin danfo ya kama ba ta ina zai koya wa yaranmu gudu. Ya miƙe a hankali, ya ce Baba wannan gwiwar a filinku ta karye, da rigar kulob ɗinku a jikina, kuma kana bakin layi ranar kana ihu in tashi ƙarya nake yi. Na manta sam, sai da ya faɗa na tuna. Ya yi wa sauran sallama ya fita. Ciyaman ya zabura zai bi shi, na riƙe masa riga na ce ya zauna, haka suke yi, kafin ya kai bakin titi zai juyo. Muka zauna muna kallon hanya har aka kira magariba.

Bayan mako guda muka ji ya kama aiki da wata ƙungiya a Abule Egba. A zaman kwamiti na gaba ba a bar ni na zauna ba. Sakatare ya ce kawunan shanun da nake fasawa sun fi ni ƙwaƙwalwa. Ciyaman, wanda shekara ashirin yana ɗinka mini kayan Sallah, ya ce in nemi wani tela, kuma ya faɗa da Hausa ya maimaita da Yarbanci don masu wucewa su ji. Na aika nama ranar wasa aka dawo mini da shi a tirensa. Idan na bi layinmu 'yan wasa sai su fara ɗingishi a bayana suna kiran Baba dillali. Wasan ƙarshe kuma da Abule Egba ya faɗo, kunnen doki kawai muke nema. Suka zuba mana uku babu ko ɗaya, shi kocin yana tsaye bai ko ɗaga hannu don murna ba. Muka faɗi, aka karɓe filin, yaran suka watse, masu ƙafa a cikinsu suka bi shi. Ni kuwa maimakon in je in ba shi haƙuri, sai na riƙa yawo ina cewa mutumin da ba ya jure wasa ai bai dace da mu ba.

Abin da nake so dattawa irina su ji, musamman masu zama a kwamitin da ba su san aikinsa ba, shi ne sa ba ya jin abin da kake faɗa a kansa, mutum yana ji, kuma yana tafiya da shi gida. Idan mai iya aiki ya zo gabanku, ku tambaye shi abin da zai yi, ku auna, in ya yi muku ku faɗa masa a fuskarsa. Dabarar kasuwarku ku bar ta a kasuwa. Ni na kai tawa inda ba wurinta ba, yaran unguwa guda suka rasa fili.

Bara, wata rana da safe, ina kan teburina sai ga shi ya zo sayen nama, da ɗingishinsa. Don kunya sai na ɗaga cinyar sa na shiga yabonta, ina cewa ya duba tsoka, ya duba kitse, irin wannan sa ba a samunsa kullum. Ya bari na gama tsaf, ya karɓi ƙullinsa, sannan ya ce Baba ashe ka iya yabon abu, in dai naka ne.