Riyalin da Ke Cikin Ƙyalle

Kakata Dije riyali biyu gare ta, kuma tun ina ƙarama na san wanda nake so a cikinsu. Muna zaune ne a wasu 'yan bukkoki kusa da rijiyar Dakoro, muna noman gero, muna kiwon awaki da 'yan shanu. Da kuɗin wuri ake ciniki a lokacin. Riyali sai dai a hannun Buzaye masu ayari, wani faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton wata mace mai ƙiba a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗaya gefen. Mutum yakan tsufa bai taɓa riƙe shi ba.

Ɗaya daga cikin na Kaka ya yi baƙi, hancin matar ma ya goge don shan hannu. Shi ne take ɗorawa a kan yatsa bayan mun ci tuwo, idan an hura wuta a ƙofar bukkarta, ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Sai ya ɗauki wani siririn kuka mai tsawo, mu kuma dole mu yi shiru har kukan ya mutu, sannan tatsuniya ta fara. Kowa yana taɓa shi. Har ƙanena ya taɓa sa shi a baki, ba a ko tsawata masa ba. Ɗayan kuwa fari ne ƙal, yana walƙiya, yana naɗe cikin wani ƙyallen turkuɗi. Ba a ƙwanƙwasa shi, ba a miƙa wa kowa, sai mutum guda.

Rabi ke nan, ɗiyar gwaggona. Uwarta ta rasu tana goye, Kaka ta ɗauke ta. Sa'ata ce, amma siririya, mai yawan tari, kuma cinyar Kaka tata ce kamar ta gada. Ni ce ta ɗebo ruwa, ni ce ta daka, ni ce ake kira Uwar Gardama. Rabi kuwa ko tsinke ta ɗaga sai Kaka ta ce ta ajiye kada ta gaji. Idan aka kwance ƙyallen aka ɗora mata farin riyalin a tafin hannu, Kaka na tallafe da hannun daga ƙasa, nakan kau da kai. Kishi nake, kishi mai zafi, kuma ban iya ɓoye shi ba. Nakan matsa kusa da wuta in yi ta tsokanar itace har hayaƙi ya turnuƙe kowa.

A irin wannan maraicen ne Kaka ta ƙwanƙwasa baƙin riyalin, ta jira ya yi shiru, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku buɗa mata hanya." Muka ce ta iso lafiya.

Wai Azurfa da Dalma a gidan maƙeri guda suka tashi. Kowa ya shigo maƙera Azurfa yake tambaya, abin ya dami Dalma har ta daina barci. Ta je ta sami maƙerin tana kuka, ta ce ya ba ta fuska irin ta Azurfa. Ya narka ta, ya zuba ta a ƙasar da ya danna riyali a ciki, ta fito da matar nan da tsuntsunta. Ta ce saura haske, ya shafe ta da ruwan azurfa har tana ɗaukar ido. Ta ce saura murya. Nan Kaka takan sauya magana ta koma ta tsohon maƙeri:

"Murya kam ba ni da ita, ɗiyata. Abin da ke cikin mutum shi ka yin kuka. Ki dai kiyayi dutse, ki kiyayi haƙori, kada ki yarda a yada ki ƙasa."

Dalma ta sami wanda ya naɗe ta a ƙyalle yana lallaɓa ta. Azurfa kuwa ta shiga duniya. Wannan ya jefa ta a kan dutse don ya ji kukanta, wancan ya cije ta ya ga ko haƙori zai shiga, wani ya goga ta a farin zane ya duba ko za ta bar baƙin layi, wani ya bi gefenta da farce yana neman zanen da na jabu ba su da shi. Da suka haɗu wata rana a jakar wani falke, sai ga Azurfa duk ta yi baƙi, ta dubi 'yar'uwarta ta ce ita ma da za ta sami mai naɗe ta haka, da ta huta. Kowace ta kwana tana ƙyashin ɗayar. Kaka ta ce nan ta ƙare, wanda bai ji ba ya tambayi toka.

Ni dai abu guda na ji a ciki, wato an kira ni Dalma a gaban jama'a, tunda ni ce mai kishin. Na tambaye ta da fushi wace ce Dalmar a cikinmu. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Uwar Gardama, wa ya ce da ku nike? Tashi ki rufe awaki."

Da ciwon ajali ya kama ta, mun riga mun zama 'yan mata, ta kira mu ta raba. Ta miƙo mini baƙin, tsirara, ba ko tsumma. Ta damƙa wa Rabi na cikin ƙyalle, ta riƙe hannunta ta daɗe tana yi mata raɗa. Na yi kukan mutuwar Kaka da gaske, amma a cikin kukan akwai na wannan raɗar da ban ji ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, abin bai bar ni ba.

Sai aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Dabbobi suka rame har ba mai saye, rumbuna suka koma wurin wasan ɓeraye. Muka ji fatake sun zo da gero daga kudu sun sauka wajen Tagris, kuma ba sa karɓar wuri. Muka tafi ni da Rabi, kowace da goyo. Falken ya karɓi nawa ya yatsina fuska don baƙinsa, ya sake shi a kan dutsen niƙa. Sai ga kukan nan na ƙofar bukkar Kaka, siriri, mai tsawo. Ni kaɗai na yi shiru har ya mutu. Ya sa aka ɗora mana buhu a kan jaki.

Na ce wa Rabi ta fito da nata mu ƙara. Ta ja ni gefe, ta ce nata ba ya kuka, dalma ce, kuma ta sani tun ranar raɗar nan. Ba zan yi ƙarya ba, wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Ashe ni aka ba na gaske. Amma Rabi ba ta gama ba. Ta ce kakanmu, tun yana saurayi, ya sayar da bijimin da ya fi so aka ba shi wannan riyalin, ya kawo wa Kaka yana rawar jiki. Makiyayi ne, da ido yake sanin dabba, haka ya zaɓi kuɗin ma da ido, ya ɗauki wanda ya fi haske. Kaka ta ƙwanƙwasa shi sau ɗaya a ɓoye, ta ji ya yi tim kamar dunƙulen laka. Daga ranar ta naɗe shi, ta hana kowa taɓawa, don kada wani ya jefa shi a dutse mijinta ya ji kunya. Har ya mutu yana alfahari da shi.

"Mi ta ce miki kuma?" na tambaya.

"Ta ce in riƙa mata shi, ni ka iya yin shiru. Ke kau ta ce ko an yada ki bisa dutse, tashi za ki yi ki ci da mutane."

Geron nan ya fid da gidajenmu biyu zuwa damina. Na sha juya maganar a raina tun daga lokacin. Yanzu da nake da jikoki na gane cewa wanda ake lallaɓawa sau da yawa shi ne wanda ake tsoron ya fashe, kuma Kaka ta san kowacenmu kamar yadda ta san kuɗinta. Hankalina ya yarda da wannan, zuciyata ce ba ta gama yarda ba. Nawa ya tafi kudu a jakar falke, mun cinye shi tuwo. Rabi ta rasu bara, kuma ɗiyarta ce ke da ƙyallen yanzu. Ranar sadakar bakwai ta kwance shi ta nuna mini, yana nan fari ƙal, ba ya sayen ko ƙwaryar dusa. Na miƙa hannu, sai yarinyar ta tallafe nawa daga ƙasa kamar yadda ta ga uwarta na yi. Tsofai-tsofai da ni, kishin nan ya sake taso mini.